Damin Magini

Mu huɗu wannan al'amari ya shafa. Na farko mahaifina, wanda ginin rufewa ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Ta biyu mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Na uku amininsa tun na ƙuruciya, wani manomi a Garbadu, wanda na tashi ina kiransa Baffa ko da yake babu dangantakar jini a tsakaninmu. Na huɗu ni ne, autan gidan, wanda aka sa makarantar boko aka kuma daure masa har ya gama jami'a.

Rufewa ita ce rumbun laka mai siririn gindi da ƙaton ciki, wadda ake zuba wa hatsi ta baki daga sama. A wajenmu ruhewa dattawa ke cewa. Idan mahaifina zai gina ta, yakan fara da jera duwatsu, ya shimfiɗa itace a kansu don kada damshi da gara su samu hanya. Mazan gidan da za a yi wa ginin su ne ke haƙo ƙasa, su kwaɓa ta da busasshiyar ciyawar ramno, su bar ta ta yi kwanaki tana tsima. Shi ba ya fara aiki da ita sai ya damƙo ta ya shinshina. In ta yi masa, sai ya riƙa ɗora zagaye ɗaya ko biyu a yini, ya bar rana ta busar kafin ya ƙara. Ba ya amfani da igiya ko ma'auni. Idonsa da tafin hannunsa ne ke gaya masa inda ciki zai buɗe da inda zai fara tsukewa.

Abin da ya raba shi da maginan zamanina shi ne, bai taɓa yanka wa aikinsa farashi ba. Gidan da yake yi wa gini su ne ke ciyar da shi har ya gama. Ranar da aka ɗora jinka, a yi addu'a, ya hau kekensa ya dawo Talatar Mafara. Daga nan, kowace kaka gidan zai aiko masa da dami ɗaya daga hatsin farko da za a zuba a ciki, muddin rufewar tana tsaye. Shi kuma kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, zai bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya duba aikinsa, ya toshe tsaga, ya sabunta yaɓe, ya gyara jinka. Haka ya tarar mahaifinsa yana yi. Waɗannan gidaje yakan ce musu "gidajena". Suna nan warwatse daga Garbadu zuwa Morai, daga Bakura zuwa ƙauyukan Maradun, har Gidan Goga.

Na dawo daga hidimar ƙasa da takardar shaida da kuma wasu ra'ayoyi da nake ganin babu mai hankalin da zai ja da su. Na samu aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a cikin gari. Kafin in shiga aji sai da na zauna da mai makarantar muka yi magana a fili, aka rubuta albashi da ranar biya, muka sa hannu. Tsararrakina duk haka suke. Birkila ba ya ɗaga bulo sai an faɗi kuɗin yini. Masu dashen shinkafa a fadama sukan karɓi nasu da yamma tun ƙafafunsu na da taɓo. Mun yi imani cewa wanda bai faɗi kuɗin aikinsa ba ya raina kansa, kuma wanda ya jira a ba shi abin da aka ga dama zai tsufa yana jira.

Wata rana bayan la'asar na samu mahaifina a zaure yana ɗaure matakalar tsaninsa da sabuwar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na kawo tambayar da na daɗe ina juyawa.

"Baba, nawa ne kuɗin rufewa ɗaya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wace ruhewa?"

"Kowace. Matsakaiciya, misali."

"Ta wa?"

"Ta kowa, Baba. Idan mutum ya zo yau ya ce a gina masa."

"To sai in ji ko wane ne, in ga gidansa, in ga ƙasarsu. Mi zan sani tun ban ga mutum ba?"

Na ce masa ai aiki aiki ne, ko na wane ne, wahalar ɗaya ce. Na ce dami ɗaya a shekara ba ya kai kuɗin yini biyu na birkila. Na yi bayani mai tsawo, da irin tsarin da nake yi wa ɗalibai, na farko, na biyu, na uku. Ya saurare ni har na ƙare, ya ja igiyar da haƙori ya tsuke ƙulli.

Inna tana bayan ƙofa tana tankaɗe, ashe duk ta ji. Ta ce, "Malam, ka ji mai albashi. Jiya-jiya ya karɓi kuɗin mai a hannuna, wai sai ƙarshen wata."

Mahaifina ya yi murmushi ya ce, "Ki bar shi. Tuwon da ya kai shi jami'a na damunan nan ne, dole ya san kuɗinsu."

Ban ji haushi ba, amma ban sauya ra'ayi ba.

A bazarar wannan shekara gwiwarsa ta dama ta hana shi taka keke. Shi ya sa na riƙa ɗaukarsa a babur ranakun da babu makaranta, tsaninsa a ɗaure a gefe, ƙullin makuba, garin ɓawon ɗorawa na yaɓe, a cinyarsa. Wannan ne karo na farko da na ga zagayen da idona, domin tun ina ƙarami makaranta ta raba ni da sana'arsa.

Da Garbadu muka fara. Baffa yana zaune a ƙofar gida yana tufka, yana hango mu ya miƙe.

"A'a, Magini, yau kai ne a bayan babur kamar buhun albasa? Ina keken da ya girmi limaminmu?"

"Keke shina hutawa. Kai dai ba ka huta da surutu ba."

Suka tafa, sannan suka shiga gaisuwa ta sosai. Aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi gwiwa, aka koma kan gida. Ni ma na durƙusa aka bi da ni ta kan makaranta da ɗalibai da gajiyar hanya. Baffa ya dafa kaina ya ce, "Ɗan boko ya girma. Da ganin takalminsa ka san ba a taka laka da shi."

Daga nan aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo namiji. Mahaifina kuwa ya saɓi tsaninsa, ya yi sallama sau ɗaya, ya wuce cikin gida kai tsaye. Rufewa a can ƙuryar gida take, bayan ɗakunan mata, inda namijin da ba ɗan gida ba ba ya zuwa. Daga inda nake ina jiyo muryoyin matan gidan suna yi masa maraba, wata tana ce masa Baba, wata tana ce masa Kawu, wata tsohuwa tana yi masa tsiya cewa bara ya bar mata ɓera a cikin dawa. Na ji yana amsawa cewa ɓeran nata ne, tare aka kawo su daga gidan iyayenta. Na ji yana tambayar wata ƙaramar amarya ko jaririnta ya fara haƙori, yana kiran yaran gidan da sunayensu ba tare da ya rikita ko ɗaya ba.

Daga baya Baffa ya ce in shigo in riƙe masa tsani, tunda ni ɗansa ne. Rufewa uku ce a jere, duk ginin mahaifina. Ya bi kowace yana ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, yana kara kunne. A jikin babbar ya tsaya, ya shafa wani wuri da ni ban ga komai ba, ya ce a kawo ruwa da laka. Sannan ya hau tsanin. Yana hawa yana cije leɓe, kowace matakala sai ya ɗaga ƙafar dama da hannu. Ina riƙe da tsanin ina jin yadda yake rawa. Ya yi kusan awa ɗaya a sama cikin rana. Da ya sauko aka kawo fura mai sanyi da nono, ya sha, ya yi hamdala, muka kama hanya.

Abin da na gani a ranar shi ne dattijo mai ciwon gwiwa yana hawa tsani a kyauta. Sauran abin duk na ji shi da kunnena, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Zagayen wannan shekara bai yi tsawo ba. Gidajensa na wajen Gidan Goga da wasu na ƙasar Maradun ba mu je ba, domin mutanen sun tashi saboda 'yan bindiga. Wasu suna zaune a cikin gari a ɗakunan haya, suna sayen hatsi da kwano. Ɗaya daga cikinsu mun haɗu da shi a kasuwa. Mahaifina ya tambaye shi iyali, sannan a hankali ya tambayi rufewar. Mutumin ya ce rabonsa da ganinta shekara biyu, amma ya ji an ce tana tsaye, babu jinka. Mahaifina ya ce, "In babu jinka, damina biyu ta ishe ta." 

Da kaka ta yi, damunan suka zo kaɗan. Wasu a bayan babur, wasu a amalanke, kowane da saƙon gaisuwa. Inna ta jera su a tsakar gida tana faɗin na wane gida ne kowanne, daga irin ɗaurinsa kawai. A lokacin gwiwar ta kumbura sosai, har sallah a zaune yake yi. Likita ya ce sai an ɗauki hoto, an zuƙe ruwan, an yi allurai na wasu watanni. Albashina ba zai ɗauka ba. Na dubi damunan na ga ko duka aka sayar ba za su kai rabi ba, ga shi kuma su ne abincin gidan.

Wata Talata, ranar kasuwa, Baffa ya biyo ta gidanmu. Mahaifina ba ya nan, wani maƙwabci ya ɗauke shi a mota zuwa ta'aziyya a Bakura. Na shimfiɗa wa Baffa tabarma, Inna ta aiko da ruwa. Bayan gaisuwa ya ce babban ɗansa zai ware tukunyarsa a bana, yana so Magini ya gina masa rufewa tasa ta kansa, in gwiwa ta yarda.

Na ce, "Baffa, akwai maganar da nake so in yi, in ka ba ni izini."

"Faɗi, ɗana."

Na ce masa zamani ya sauya. Na ce dami ba ya sayen magani, kuma Baba ya tsufa, ba a san shekara nawa suka rage masa yana hawa tsani ba. Na ce abin da ya fi dacewa shi ne a biya kuɗin gini gaba ɗaya, kamar yadda ake biyan kowane magini, kowa ya san ya fita haƙƙin kowa. Sannan na ambaci kuɗi, kwatankwacin albashina na wata biyu. Na yi maganar cikin ladabi, da kalmomin da na zaɓa tun kwanaki.

Baffa ya dube ni. Ya ce, "Shi ya aiko ka da wagga magana?"

Da na ce a'a, da a nan ta tsaya. Amma na san in na ce a'a zai yi dariya ya ce in bar manya da al'amarinsu. Sai na ce, "Maganar gidanmu ce, Baffa."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, na ji. Allah shi ba shi lafiya." Ya sha ruwa, ya yi wa Inna sallama daga zaure, ya tafi. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba.

Talatar da ta biyo baya ya dawo, tare da wani dattijo maƙwabcinsa. Na ji daga baya cewa ɗan bijiminsa ya sayar da safiyar ranar. Mahaifina yana zaure ya miƙe ƙafa, ni ina gefe ina duba littattafan ɗalibai. Ba a yi tsiyar keke ba a ranar. Bayan gaisuwa Baffa ya ciro ƙulli daga aljihun 'yar shararsa ya ajiye a gaban mahaifina.

"Magini, ga na sabuwar da za ka gina wa yaro, kamar yadda aka faɗa mini. Ga kuma na ukun nan na da, gwargwadon hali. Shekara da shekaru muna ba ka dami muna ganin mun kyauta, ashe mun danne ka. Wanga shi ne shaida. In akwai saura, a yafe muna."

Mahaifina ya dubi ƙullin, ya dubi Baffa. Ya ce, "Kamar yadda aka faɗa maka."

"Kamar yadda aka faɗa mini."

Sai ya juyo ya dube ni. Ban iya ɗaga kai daga littafin da ke cinyata ba. Na san abin da ke gabansa: ko ya ce bai san da maganar ba, ya mayar da ɗansa mai ƙarya a gaban amininsa da baƙo, ko ya karɓa. Ya miƙa hannu ya jawo ƙullin, ya tura shi ƙarƙashin buzunsa.

Ya ce, "Babu saura. Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Bayan sun tafi na jira faɗa, bai zo ba. Ya kira Inna ya miƙa mata ƙullin ya ce a ajiye don asibiti. Ni kuma ya ce in duba masa ko akwai mai a babur, domin jibi za a fara haƙo ƙasa a Garbadu, yana so ya ga ramin da za a ɗebo ta.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda maganar ta bazu. Dattijon da ya zo shaida ya faɗa a masallaci, daga masallaci ta shiga kasuwa, cewa Magini yana sallamar gidajensa saboda tsufa da rashin lafiya. Babu wanda ya ɗauke ta da mugun nufi. Kowa ya ga abin kunya ne a ce mutumin Garbadu ya fita haƙƙin dattijo, shi yana zaune. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, yawanci ranar Talata, wani ya sayar da akuya, wani buhun shinkafa. Wani saurayi daga Bakura, wanda ya gaji gidan mahaifinsa, bai ma zo ba, ya kira ni ya ce in ba shi lambar asusu ya tura. Kowa ya zo sai ya ce a yafe juna, mahaifina kuma ya ce babu saura. Tunda ya karɓi na farko, ba shi da bakin da zai ƙi na biyu.

Aka ɗauki hoton gwiwa, aka zuƙe ruwan, aka fara allurai. Kumburin ya saɓe. A cikin wannan hali ya gina rufewar ɗan Baffa, ina kai shi da safe ina ɗauko shi da yamma, kwana goma sha tara. Ta yi kyau ƙwarai, har mutanen unguwa suna zuwa kallo. Ni kuwa a raina ina ganin na yi daidai. Ga gwiwa ta samu sauƙi, ga mahaifina ya koma sallah a tsaye, ga ragowar kuɗi an sayi tunkiya biyu. Har na taɓa faɗa wa wani abokin aikina cewa na shigo da tsari cikin sana'ar gidanmu.

Da bazara ta zagayo, zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa ta gabas, na lura bai ɗaure tsani ba, bai aika a nemo makuba ba. Yakan fito zaure bayan hantsi ya zauna har azahar. Ranar wata Asabar na wanke babur na zuba mai, na zo na durƙusa.

"Baba, na ga hadari ya fara. Yau babu makaranta. Ko mu fara da Garbadu?"

"Mu tahi mu yi mi?"

"Zagaye, Baba. Duba rufewa."

"An biya ni."

Na ce ai biya bai hana zumunci ba. Ya ce zumunci yana nan, in ya je za a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo ruwa, a yi hira, kamar kowane baƙo. Ya ce, "Amma ka gaya mini, da wace hujja zan saɓi tsani in ratsa ɗakunan matan mutane? Da can ina da abu a ciki. Damina shina cikin ruhewar tun ba a girbe shi ba, in ta zuba nawa ya zuba. Yanzu tasu ce su kaɗai. Wanda aka sallama sai an kira shi, in an kira shi kuma sai an yi ciniki, ni kuwa ban iya ba."

Bai faɗi wannan da ɗaci ba. Da muryar da yake gaya wa mutum ƙasarsa ba ta tsima ba ya faɗe shi. Na ce, "Baba, ni na yi wa Baffa maganar. Ba ka aike ni ba, na bar shi ya zaci ka aike ni."

Ya ce, "Na sani. Gwiwa kake dubawa. Ai ga ta nan, ta yi sauƙi." Ya lanƙwasa ta ya miƙe don in gani.

Na shiga ciki na tarar da Inna tana tsince wake. Ba ta yi mini tsiya ba ranar. Ta ce tun da aka aure ta ba ta taɓa ganin bazarar da ya kwana bakwai a jere a gida ba sai wannan. Ta ce da, idan ya dawo zagaye, har kwana uku yana ba ta labarin wadda ta haihu da wanda ya yi rashi da yarinyar da aka sa wa rana, ita kuma ta san inda za ta aika da barka da inda za ta je gaisuwa. Ta ce, "Bana ban san komai na kowa ba."

Washegari na tafi Garbadu ni kaɗai. Na samu Baffa a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidansa. Na durƙusa, kuma ban tashi ba har na gama faɗin abin da ya kawo ni. Ya ce in zauna sosai.

"Ɗan boko, kana ganin ban sani ba? Shekara hamsin ina tare da mutumin nan. Ko kuɗin goro bai taɓa tambayata ba, sai ranar nan zai aiko yaro da farashi?"

"To me ya sa ka biya, Baffa?"

"Don na ga gwiwar. Na san in na kai masa kuɗi da sunan taimako zai jefo mini su a hanya. Da ka zo da taka maganar sai na ce ga ƙofa ta samu. Kuskurena shi ne da na tahi da shaida, ina so abin ya yi kama da gaske don kada ya ƙi. Ban san bakin mutumin bai da marfi ba. Ni da kai muka yi wanga aiki, kada ka ɗauke shi kai kaɗai."

Na ce to a mayar da abin yadda yake. A ci gaba da aika dami, shi kuma ya ci gaba da zuwa. Baffa ya nuna cikin gida da haɓa. Ya ce yanzu noman a hannun 'ya'yansa yake, kuma su sun ji daɗin abin da ya faru. Sun ce haka ake yi yanzu, a biya a huta, ba a ɗaure jikoki da alkawarin kakanni. Sun ce in rufewa ta tsage za su kira wani ya toshe a biya shi kuɗin yini, in ta faɗi kuma su sayi buhuna su zuba magani su jera a ɗaki. Ya ce, "Kai da su malaminku ɗaya. Amma zan gwada."

Ya gwada. Da kaka ya aiko da dami na gero, babba, wanda ya ɗaure da hannunsa. Mahaifina ya sa aka shigo da shi, ya yi godiya mai yawa, ya sa wa ɗan aiken albarka. Bayan ɗan aiken ya tafi ya ce wa Inna a sussuka a raba wa mutanen Gidan Goga da ke haya a bayan layinmu. Inna ta ce ai na Garbadu ne. Ya ce ya sani, kyauta ce, kuma ya karɓa, amma ba damin aiki ba ne, domin bai taɓa wannan rufewa da hannunsa ba a bana. Har yau suna ziyartar juna da Baffa, suna tsiyarsu a zaure. Cikin gida dai bai sake shiga ba.

Gida biyu ne ba su zo sallama ba, domin ba su da abin da za su sayar. Ɗaya na wata gwauruwa ce a Morai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata rufewa ɗaya da 'yar gona. Ɗayan na wani makaho ne a bayan Bakura, wanda jikokinsa ke yi masa noma. Dukansu sun aiko da haƙuri cewa sun ji abin da ake yi amma ba su da hali. Mahaifina ya aika musu cewa kada su damu, a bar shi yadda yake. Gidajen nan biyu nake kai shi yanzu kowace bazara. Tun da sati ya rage yake ɗaure tsani, ya sa Inna ta wanke masa rigar aiki. Aikin da bai wuce na awa biyu ba yakan yini yana yinsa, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya sauko ya sha ruwa, ya tambayi kowa na gidan, ya sake hawa. Ni ina riƙe da tsani. A ranakun nan nakan nemi izini daga makaranta, a cire mini kuɗin yinin daga albashi, kamar yadda muka rubuta.

A hanyarmu ta dawowa daga Morai bara na roƙe shi ya lissafa mini gidajensa duka, tun daga farko. Ya lissafa su yana bayana a kan babur, gari bayan gari, ina riƙewa a kaina. Gida ashirin da uku ne. Huɗu rufewarsu ta faɗi da tsufa ba a sake gini ba. Shida sun tashi saboda 'yan bindiga. Goma sha ɗaya sun sallame shi a kan maganata. Saura biyu.